Bidiyo a Filin Kokowa: Yadda Ake Watsa Taro Kai Tsaye da Abin da Mai Binciken Harshe Zai Samu a Ciki

1. Gabatarwa

A shekarar 1975 aka yi gasar kokowar gargajiya ta ƙasa karo na farko a Tawa, inda Yakuba Ango, ɗan kokowar Maraɗi wanda aka fi sani da Kantu, ya zama zakara. Tun daga lokacin wannan gasa ta shiga cikin tarurrukan da suka fi tara jama'a a Nijar. Jahohi suna karɓar baƙuncinta bi da bi, kuma a tsarin jahohi takwas kowace jaha tana aiko da ƴan kokowa 10, watau 80 ke nan gaba ɗaya. Masu samun shiga fili dubbai ne, amma masu bin gasar ta rediyo da talabijin sun fi su yawa nesa ba kusa ba.

A wurin mai binciken harshe, filin kokowa taska ce. A nan ake jin kirarin ƴan kokowa, da take, da waƙar makaɗa, da barkwancin cali-cali, da sharhin ƴan jarida. Da wuya a sami wani wuri inda Hausar Damagaram da ta Adar da ta Arewa da ta Gobir ke haɗuwa a rana ɗaya, kowa yana magana da iyakar ƙarfinsa, ba tare da tunanin ana nazarin bakinsa ba. Sai dai abin da ke isowa hannun mai bincike ya riga ya bi ta hannun ma'aikatan talabijin, waɗanda suka zaɓa, suka yanke, suka gauraya domin amfanin mai kallo na wannan rana. Wanda bai san yadda aka yi wannan aiki ba yana iya ɗaukar kaset a matsayin cikakkiyar shaida, alhali guntun shaida ce. Bugu da ƙari, ita kanta guntuwar tana cikin haɗarin salwanta.

2. Asalin na'urar

Bambancin silima da bidiyo yana ga hanyar kama hoto. A silima haske ne ke barin alama a kan fim, kuma sai an wanke fim ɗin da magunguna kafin a ga abin da aka ɗauka. A bidiyo kuwa kamara tana mai da haske ya zama siginar lantarki, wadda ake iya aikawa ta waya ko ta iska a kuma gan ta nan take. Wannan shi ya sa watsa taro kai tsaye ya yiwu.

Da farko talabijin na iya watsawa amma ba ya iya ajiyewa, sai dai a kafa kamarar silima gaban allo a ɗauki abin da yake nunawa. A 1956 kamfanin Ampex na Amurka ya fito da na'urar farko mai amfani ta naɗar hoto a kan zaren maganaɗisu, mai faɗin inci 2, watau wajen santimita 5. Na'urar babba ce ƙwarai, ba ta barin ɗakin aiki. A 1971 kamfanin Sony na Japan ya fito da U-matic, wadda ta sanya zare mai faɗin milimita 19 cikin kaset. A 1976 kamfanin JVC ya kawo VHS, wadda ta shiga gidaje. A 1982 Betacam ta zo, aka haɗa kamara da na'urar naɗa cikin abu guda da mutum zai saɓa a kafaɗa. Daga 1995 ƙananan kaset na dijital irin na DV suka bazu, daga baya kuma katin ajiya da kwamfuta suka maye gurbin zare baki ɗaya.

A Nijar talabijin ya fara da aikin ilimi. A 1964 aka buɗe talabijin na makaranta a Yamai, wanda ke koyar da ƴan firamare cikin Faransanci. Talabijin na kowa da kowa, Télé Sahel, ya fara aiki a 1979 ƙarƙashin hukumar ORTN, wadda daga baya aka sake ma suna RTN. Ke nan shekarun farko na gasar kokowa sun riga talabijin na ƙasa, kuma shekarun da suka biyo baya sun zo daidai da zamanin kaset na maganaɗisu. Za a ga muhimmancin wannan a sashe na 7.

3. Yadda hoton yake

Abin da ido ke gani kamar motsi jerin hotuna ne marasa motsi da ake nunawa da sauri. A tsarin da ƙasashen Afirka ta Yamma suka bi, hotuna 25 ne a kowace daƙiƙa, kowane ɗaya an zana shi da layuka 625 daga sama zuwa ƙasa. Sa'a ɗaya ta shiri tana ɗauke da hotuna 90,000.

Wajen launi ne aka rabu. Nijar ta bi tsarin SECAM na Faransa, Najeriya kuma ta bi PAL, wanda aka ƙirƙira a Jamus. Akwatin da aka ƙera don tsari ɗaya kaɗai, idan ya kama tashar ɗaya tsarin, baƙi da fari yake nunawa, sau da yawa kuma babu murya, domin tazarar da ke tsakanin siginar hoto da ta murya ta bambanta. Watau Bamaraɗe da Bakatsine, masu harshe ɗaya, na'ura ta raba su sai in akwatin mai karɓar tsari biyu ne. Watsawa ta dijital da tauraron ɗan Adam sun kawar da wannan shinge ga mai kallo, amma yana nan ga mai adana kaset, domin dole a san tsarin da aka naɗi kowane kaset da shi kafin a juye shi.

4. Aikin watsawa kai tsaye

Idan za a watsa taro daga wajen gidan talabijin, ana kai ɗakin aiki ne wurin taron cikin babbar mota. Kamarori suna cikin fili, wayoyinsu suna komawa motar, inda hoton kowace kamara ke fitowa a kan allonta. Mai ba da umarni yana zaune gaban waɗannan alluna, yana magana da masu kamara ta na'urar da ke kunnuwansu, yana zaɓen hoton da zai fita. Kusa da shi akwai mai danna maɓallan teburin haɗa hoto, da mai daidaita haske da launi don kada kamarori su saɓa ma juna, da mai kula da sauti. Kamarar da hotonta ke fita a wannan lokaci, wata ƴar jar fitila ce ke kamawa a kanta, don mai riƙe da ita ya san kada ya yi motsin banza.

Dukan kamarorin suna bin agogo ɗaya da ke cikin motar, ta yadda kowace za ta fara zana hotonta a lokacin da sauran suka fara. In ba haka ba, hoto zai yi tsalle duk sa'ad da aka sauya kamara.

Kowace kamara da aikinta. Akan ɗora ɗaya a bisa don ta kama fili duka, wasu su bi ƴan kokowa kusa da kusa, wata a kafaɗa tana zagaya makaɗa da ƴan kallo. Akwai ƙa'ida a wannan sana'a cewa manyan kamarori su tsaya a gefe ɗaya na abin da ake ɗauka, domin idan aka tsallaka ɗaya gefen, wanda ke dama sai ya koma hagu, mai kallo ya rikice. A filin ƙwallo wannan abu ne mai sauƙi, tun da akwai raga biyu. Da'irar kokowa kuwa ba ta da gaba ba ta da baya, ƴan kokowa suna juyawa, saboda haka mai ba da umarni yakan yawaita komawa ga hoton fili duka.

Kaye yakan auku cikin ƙiftawar ido, shi ya sa maimaita hoto ya zama jigo. Gidan talabijin na CBS a Amurka ne ya fara maimaita hoto nan take cikin wasan da ake watsawa, ranar 7 ga Disamba 1963. A 1967 Ampex ta ƙera na'ura mai faifai da ke riƙe daƙiƙa 30 ta maimaita su a hankali. A yau kwamfutoci ne ke naɗar dukan kamarori a lokaci guda, mai aiki ya koma baya ya nuno kaye ta fuska biyu ko uku. Daga motar ake aika shirin zuwa cibiya. Idan ta tauraron ɗan Adam ne, wanda ke nisan wajen kilomita 36,000 daga ƙasa, hawa da sauka kaɗai suna cin kusan rubu'in daƙiƙa.

Abin lura a nan shi ne, cikin kamarori biyar ko shida, hoton guda ɗaya ne ke fita a kowane lokaci. A zamanin kaset, abin da ya fita shi kaɗai aka saba naɗewa. Idan ɗan kokowa yana tsakiyar kirari aka juya ga babban baƙon da ya shigo rumfa, to ragowar kirarin ta tafi.

5. Matsalar sauti

A filin kokowa sautuka da dama ne ke tashi tare: kiɗa, da waƙa, da kirari, da ihun jama'a, da lasifikar fili, da muryar mai sharhi. Kowane yana da makirufonsa, kuma duka suna shiga teburin sauti, inda ake ɗaga wani a sauke wani. Tun da mai kallo sharhi yake bukata, muryar ɗan jarida ake ɗorawa a sama, sauran su zama shimfiɗa. Da zarar an gauraya su an naɗe a layi ɗaya, raba su tsaf ya zama abu mai wuyar gaske, kamar raba gari da ruwa bayan an dama. Mai binciken da ke son rubuta baitocin mawaƙi irin Sagalo daga shirin da aka watsa zai tarar rabin maganar tana ƙarƙashin sharhi.

Nisa ma yana da tasiri. Sauti yana tafiyar wajen mita 340 a daƙiƙa, watau kusan mita 14 a tsawon hoto ɗaya. Idan makirufo yana nesa da makaɗi da mita 28, za a ga hannu ya sauka a kan ganga kafin a ji ƙara da hotuna biyu. Mai kallo ba zai damu ba, amma wanda ke auna dangantakar bugun kiɗa da gaɓoɓin waƙa, ko motsin leɓe da furuci, dole ya yi la'akari da shi.

Duk da haka bidiyo yana ba da abin da kaset na murya ba ya bayarwa. Kirari da jiki ake yin sa: ɗaga hannu, nuni, juyawa wajen rumfar abokan hamayya. Kalmomin nuni na Hausa sun dogara da wannan. "Nan" mai karin faɗau tana nufin wurin mai magana, "nan" mai karin sama kuwa wurin wanda ake ma magana. Haka "can" ta rabu biyu, ta nesa da ta nesa ƙwarai. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna wannan bambanci, kuma cikin hayaniyar fili kunne ma yana iya kuskure. Hoto ne ke nuna inda yatsa ya nufa, ya warware ma'ana.

Akwai kuma lambar lokaci, wadda na'urorin sana'a ke ba kowane hoto. Lamba kamar 01:12:30:08 tana nufin sa'a 1, minti 12, daƙiƙa 30, hoto na 8. An ƙirƙiro ta don masu harhaɗa shiri, amma ga mai bincike kamar lambar shafi ce ga littafi: da ita zai nuna ma wani daidai wurin da aka faɗi kalma. Manhajar ELAN, wadda Cibiyar Max Planck ta Nijmegen a Holan ta samar, tana ba da damar jera rubutun magana da fassara da bayanin motsin jiki a ƙarƙashin hoto, kowane a layinsa.

6. Kalmomin sana'a

Hausa ta daɗe tana samar ma waɗannan na'urori suna ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce aro: kamara, kaset, bidiyo, da majigi, wadda ta fito daga sunan Ingilishi na tsohuwar fitilar haska hotuna. Ta biyu faɗaɗa ma'ana: faifai, wanda asalinsa abin rufe ƙwarya ne, ya zama faifan garmaho, daga nan ya zama kowane abin ajiyar murya ko hoto, har ana cewa faifan bidiyo ga abin da ke cikin wayar hannu. Haka "naɗa", wadda ta dace da zare mai kewaya ƙarfe, ta wanzu bayan zaren ya ƙare. Ta uku ƙirƙira ta bayani, kamar tauraron ɗan Adam da hoto mai motsi.

Matsalar da ta shafi masu tsara harshe ita ce ma'aikatan Nijar da Faransanci suka koyi aiki, na Najeriya da Ingilishi, saboda haka aro yana raba Hausa biyu, faɗaɗawa da ƙirƙira kuwa suna haɗa ta. "Kai tsaye" ta karɓu a ɓangarorin biyu ba tare da gardama ba. Masu finafinan Kano, waɗanda suka fara da Turmin Danya a 1990, sun zaunar da kalmomi irin su ɗaukar hoto, ba da umarni, da shiryawa. Sai dai ba duka ne suka tsira daga ruɗani ba. Ana cewa "tace hoto" ga aikin yankewa da harhaɗawa, ana kuma cewa "tace finafinai" ga aikin hukumar da ke hana abin da bai dace ba, irin wadda aka kafa a Kano a 2001. Kalma ɗaya ga ayyuka biyu masu nisa da juna ba ta dace da littafin koyarwa ba. Ga wasu shawarwari, tare da kalmomin Faransanci da ma'aikata suka saba da su:

régie: ɗakin haɗa hoto
car de reportage: motar watsa shiri
montage: harhaɗa hoto
ralenti: maimaici a hankali
gros plan: hoton kusa
plan large: hoton fili
en différé: naɗaɗɗen shiri
mixage: gauraya sauti

Ba a teburin ofis ake tabbatar da irin waɗannan kalmomi ba. Hanya mafi inganci ita ce a zauna da ma'aikata a ji abin da suke faɗa ma juna da Hausa lokacin aiki, a fifita shi bisa sabon ƙirƙire, sa'an nan a ba masu sharhi su gwada. Kalmar da mai sharhin kokowa ya maimaita har gasa ta ƙare ta riga ta shiga kunnen ƙasa duka.

7. Haɗarin da ke kan kaset

Zaren bidiyo leda ce da aka shafa ma garin maganaɗisu da wani irin danƙo. Da daɗewa danƙon yana shan laimar iska ya lalace, zare ya riƙa mannewa, garin ya riƙa zubewa a kan na'ura. Zafi yana gaggauta wannan, ƙurar hunturu kuma tana karce zare. Ɗakin da babu na'urar sanyaya iska a watan Afrilu ba wurin ajiyar kaset ba ne. Har ila yau, a tsohon tsari duk kwafin da aka yi daga wani kwafi yana rasa wani abu na kyan hoto da sauti. Tsadar kaset kuma ta sa gidajen talabijin da yawa a duniya sun riƙa goge tsofaffin shirye-shirye su naɗi sababbi a kai. BBC ta Ingila ma ta yi haka a shekarun 1960 da 1970.

Abin da ya fi wannan tsanani shi ne ƙarewar na'urorin karantawa. A 2016 Sony ta daina sayar da na'urorin dangin Betacam, a cikin shekarar kuma kamfanin Funai na Japan ya ƙera na'urar VHS ta ƙarshe. A 2019 UNESCO da ƙungiyar ma'ajiyun sauti da hoto ta duniya, IASA, suka yi gargaɗi cewa wajen 2025 karanta zaren maganaɗisu zai zama abu mai wuya saboda rashin na'urori da kayan gyara da masu gyaran. Wannan wa'adi ya riga ya cika. Kaset mai lafiya wanda babu na'urar karanta shi daidai yake da wanda ya ƙone.

8. Abin da ya kamata a yi

Na farko, a ƙidaya abin da ke akwai: a gidan talabijin, da cibiyoyin bincike irin su IRSH da CELHTO a Yamai, da hannun masu ɗaukar bidiyo na garuruwa, da iyalan tsofaffin ƴan kokowa. A rubuta irin kaset, da shekara, da wuri, da harshe. A fara juye mafi tsufa da mafi rauni zuwa dijital, a ajiye kwafi biyu aƙalla a wurare dabam, ba tare da matse sauti ba, domin matsewa irin ta saƙon wayar hannu tana zubar da abin da nazarin furuci ke bukata.

Na biyu, a ƙulla yarjejeniya da masu watsa shiri tun kafin gasa. Na'urorin yanzu suna iya naɗar kowane makirufo a layinsa da kowace kamara a fayil ɗinta, kuma kuɗin wannan kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin aikin duka. Makirufo ɗaya gaban makaɗa, ɗaya wurin kirari, a ajiye su ba tare da sharhi ba, sun isa su sauya darajar abin da za a bar ma na baya.

Na uku, a nemi iznin masu magana da mawaƙa, a rubuta sunayensu da garuruwansu tun ana iya gane su, domin faifan da ba a san mai magana ba rabin amfaninsa ya tafi, haƙƙin mai shi kuma ya ɓace.

Na huɗu ya shafi masu tsara yaƙi da jahilci. Allon talabijin ma shafin karatu ne. A Indiya, tun daga ƙarshen shekarun 1990, an riƙa rubuta kalmomin waƙoƙi a ƙasan allo cikin harshen da ake rera su, don ƙarfafa sababbin masu karatu. Sunan ɗan kokowa da jaharsa da sakamakon karawa, idan aka rubuta su da Hausa bisa ƙa'ida, darasi ne da ke isa inda malami bai kai ba. Tsofaffin na'urorin rubutu a allo ba su da haruffa masu ƙugiya, amma kwamfutocin yanzu suna da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, saura kawai a zaɓi salon haruffan da ke ɗauke da su a kuma horar da mai bugawa. Kirari da sharhin da aka rubuta daga faifai su ma za su yi kyau a ƙananan littattafan bayan kammala aji, tun da manya sun fi son karanta abin da suka riga suka ji suka so.

9. Kammalawa

Ma'aikacin talabijin da mai binciken harshe suna kallon fili ɗaya da bukatu biyu: na farko yana so shiri ya fita lafiya a yau, na biyu yana so magana ta wanzu. Bukatun ba sa cin karo, muddin an yi shawara kafin a shimfiɗa wayoyi. Game da abin da ke tafe, layin sauti na dabam da lambar lokaci da rubutaccen bayani sun wadatar. Game da abin da ya wuce kuwa, ƙidayar kaset da juye su ne aikin da ya fi gaggawa, domin kowace shekara na'urorin da suka rage suna ƙara ƙaranci, masu iya gane muryoyin da ke ciki su ma suna raguwa.